Bututun Dalmar da Na Binne

Ni direba ne. Na daɗe ina jan bas tsakanin cikin garin Minna da Gidan Kwano, ina kwasar ɗalibai da 'yan kasuwa. Karatuna bai yi nisa ba, amma ba zan fake da wannan ba, domin abin da na aikata ba ya buƙatar karatu kafin mutum ya san ƙazanta ne.

Gidan da muke ciki na mahaifina ne. Aikin jirgin ƙasa ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, gidan kuma tsoho ne, tun na zamanin da ake sa bututun ruwa na dalma. Bututun yana shigowa daga bakin titi, ya bi gindin katanga, ya ƙare a famfon da ke cikin bayi, dab da salga. A tsakiyar hanya akwai reshe guda da ya ratsa ta ƙarƙashin katanga ya shiga gidan maƙwabta. Mahaifina ne ya yarda aka ja shi, don shi da mai gidan aminai ne. Duk su biyun sun rasu. Wadda ta rage a wancan gidan ita ce matar mutumin, tsohuwa, Kirista, 'yar asalin garin nan, danginta duk manoma. Mama muke kiranta. Ta goya ni ina ƙarami. Gidanta yana gangare, ƙasa da namu sosai, har in an yi ruwan sama mai ƙarfi ta ƙofarta yake wucewa.

A unguwarmu ba kullum ake kawo ruwa ba. Wani lokaci kwana huɗu, wani lokaci mako ya zagayo famfo a bushe. Saboda haka kowa yana barin famfonsa a buɗe da bokiti a ƙasa, duk sa'ad da ruwa ya zo sai a ji shi yana huci, a fito da gudu a tara.

Namu bututun ya daɗe yana yoyo a cikin bayi. Duk ranar ruwa bangon sai ya jiƙe har tsayin gwiwa. Ya yi gansakuka, siminti ya ruɓe, in ka taka ƙasan sai ka ji ta lotsa kamar ka taka ruɓaɓɓen gwanda. Da gidan ya dawo hannuna na ce sai na gyara shi. Zan mai da salgar masai na zamani, ramin ya zama sokawe, wato inda ruwan masai zai riƙa taruwa, in sa tayil, in ɗora tanki a kan ƙarfe wanda tankar ruwa za ta riƙa cikawa, mu rabu da jiran famfo. Na kuma cika baki a tasha cewa kafin babbar Sallah zan gama, duk direbobin layinmu su zo gidana cin nama su gani.

Mai gyaran famfon da na kira dattijo ne, Banufe daga Bida, mai yawan tsokana. Ya ja sabon layin roba daga tanki, ya kafa masai, komai ya tafi daidai har aka zo kan tsohon bututun. Ya durƙusa ya ƙwanƙwasa shi da sifana, ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, "Maigida, wannan ba a nan ake toshe shi ba. Sai an bi shi baya da diga har inda reshen Mama ya rabu. A can za a yanke, a sa murfi, sannan a bar ramin a buɗe sai ranar ruwa, mu gani ko ya riƙe."

Na ce, "To yaushe za a kawo ruwan?"

"Da na san wannan ai da duba nake yi, ba famfo ba."

Sallah saura kwana shida. Mai tayil ya ce gobe zai zo, in bai fara gobe ba sai bayan Sallah.

Na ce, "Haba Baba! Wannan ɗan abin? Tiyon lagireto yana fashe mini a hanya, in cusa sabulu in ɗaure da roba, in je garinku in dawo ko ɗigo bai zuba ba."

Ya ce, "Lagireton naka binne shi kake yi? In ya tsiyaya ai kana gani. Wannan kuwa ƙasa za ka rufa masa, ga rami a gefensa."

"Ka dai ce tsufa ya hana ka ɗaga diga."

Bai yi fushi ba. Ya tattara kayansa cikin buhu, ya ce, "Direba, kai da motarka. Amma ni ba na sa hannuna a wannan." Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Da la'asar na ɗauko zarto na yanke bututun da kaina. Dalma ba ta da tauri, kamar ana yankan rogo. Da ya rabu sai wani baƙin ruwa mai yauƙi ya dalalo mini a hannu. Cikin bututun ya yi wani farin ɓawo, a ƙarƙashinsa baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙasar wurin cike take da tana, kyankyasai farare waɗanda ba su taɓa ganin rana ba suna fitowa daga jikin bangon salga suna hawa ƙafata. Na yi ta tofar da yawu. So nake kawai in gama in bar wurin.

Na sa guduma na daddake bakin bututun har ya baje, na lanƙwasa shi biyu, na sake dakawa. A nan ne ya tsage. Tsaga ce doguwa a gefen lanƙwasar, tsawon ɗan yatsa. Na gan ta da idona. Na sha gaya wa kaina daga baya cewa ban lura ba, amma ƙarya ne, har na sa farce na taɓa ta. Na ɗauko guntun sabulun wanki na cusa, na yanko robar cikin taya na nannaɗe tam, na ɗaure. Babu ruwa a layi, don haka babu abin da ya tsiyaya, na ce ai shi ke nan. Na tura ƙasa na rufe. Tsakanin bakin bututun da bangon ramin bai kai kamu ɗaya ba.

Washegari aka zuba siminti, aka shimfiɗa tayil fari mai ratsin shuɗi. Ran Sallah abokaina suka zo, suka ci suka sha, kowa ya shiga bayi ya fito sai ya ce, "Kai, ka zama babban mutum!" Na ji daɗin wannan magana ƙwarai.

Damina ta kankama. Tsohon ramin salga ba a yi shi don ruwa mai yawa ba, ga shi yanzu mutum bakwai muna kora masa ruwa safe da yamma. Ban yi tunanin wannan ba ko sau ɗaya.

Mama tana da al'ada. Duk Lahadi in ta dawo daga coci takan haɗa kunun zaƙi ta kawo mana a babban jug, tun mahaifina yana raye. Wata Lahadi ta shigo da jug ɗin tana murmushi, matata da yara sun tafi barkar haihuwa, ni kaɗai ne a gida.

Ta ce, "Ɗana, zo ka ji abin mamaki. Famfona yanzu ba ya jiran kowa."

Na ce, "Kamar yaya, Mama?"

"Ko ranar da babu ruwa a gari, nawa yana ɗiga. Kaɗan-kaɗan, amma kafin yamma bokiti ya kusa cika. Na ce ko aikin da ka yi ne ya buɗe masa hanya. Allah ya yi maka albarka. Ƙafafun nan sun huta."

Na ajiye jug ɗin na bi ta gidanta. Ga famfon a tsakar gida yana ɗiga cikin bokiti, ɗis, ɗis. Ruwan ya yi ɗan duhu. Ta ce ai da damina haka yake zuwa, takan tace shi da ƙyalle ta bar shi ya kwanta. Na tara hannu na kai hanci.

Akwai wani maganin wanke masai da matata take saye, mai ƙamshin lemo. Shi na fara ji, can ƙasa-ƙasa. A bayansa kuma na ji ɗayan warin, wanda kowane ɗan Adam ya sani. Hancin Mama ya daɗe da mutuwa, ko miya ta ƙone sai hayaƙi ya shiga idonta take sani.

Nan take na ga komai kamar an buɗe mini ƙasa. Rami ya cika ya jiƙa ƙasar gefensa. Ruwan yana shiga ta tsagar da na cusa wa sabulu, ya bi bututu ya gangara, ya fito a famfon da ke buɗe a ƙasa da mu. Abin da ni da iyalina muke korawa shi ne yake ɗiga a bokitin tsohuwar nan.

Ta ce, "Ka gani?"

Na goge hannuna a wando na ce, "Na gani, Mama. Allah ya ƙara."

Abin da na ce ke nan. Na koma gida na wanke hannu da sabulu har sau uku, na ɗauki jug ɗin na tuttular da kunun a kwata, na kora da ruwa don kada a ga alama. Da matata ta dawo ta tambaya, na ce ƙuda ne ya faɗa ciki.

Na yi niyyar fasa tayil ɗin washegari. Wallahi na yi niyya. Amma da gari ya waye sai na tsaya a ƙofar bayin ina kallon yadda yake ƙyalli, na tuna dattijon da na yi wa rashin kunya, na tuna 'yan tasha in suka ji. Na ce bari in jira ƙarshen mako. Na ce wataƙila in an kawo ruwa mai ƙarfi zai wanke layin. Na ce ai mutanen dā cikinsu ƙarfe ne, sun sha ruwan rafi ba abin da ya same su. Na kafa wa yara dokar rage zubar da ruwa a masai, na ce tanki ne ke saurin ƙarewa. Duk sa'ad da na shiga na tsuguna na san inda abin zai je. Na sani, kuma na ja ruwa na fito na yi alwala na tafi masallaci.

Lahadi ta biyu ta kawo kunu, na tare ta a ƙofa na karɓa, na zaga baya na zubar. Ta uku ma haka, na ce wa matata ya yi tsami. Ta bi ni da kallo. 'Ya'yana ban bari ko ɗigo ya taɓa bakinsu ba. Ita kuwa Mama da ruwan take sha, da shi take girki, da shi take wanke baki, kwana ashirin da wani abu, ina gaishe ta kowace safiya in na fito da mota.

Ran wata Talata da hantsi na dawo gida cin abinci, na tarar da bokiti a tsakiyar tsakar gida, matata tana tsaye a kansa. Ashe tun safe ba ta ji motsin Mama ba, ta leƙa, ta same ta kwance a ƙasa a ɗaki, gudawa da amai sun ɓata mata jiki, ta kasa tashi. Ta je ɗebo ruwa a bokitin famfo don ta wanke ta, sai ta ji abin da na ji.

Ta ce, "Baban yara, sunkuya ka shinshina."

Na ce, "Mene ne?"

"Ka shinshina, na ce."

Ban sunkuya ba. Rashin sunkuyawar nan shi ya tona ni.

Ta ce, "Ƙuda ya faɗa. Ya yi tsami. Tun yaushe ka sani?"

Ta tafa hannu.

"Inna lillahi. Matar da ta yi mini wankan jego har sau uku? Kana zubar da naka, ita kana barinta tana sha?" Ta tofar da yawu a gefen ƙafata, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na aure ta. "Juya motarka. Asibiti za mu."

Mu biyu muka ɗauko Mama. Ba ta da nauyi ko kaɗan, idanunta sun faɗa, leɓenta ya bushe ya tsattsage. Muka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyar matata. Ba mu yi nisa ba amai ya sake zuwa mata, ya zuba a kujera da ƙasan motar. Da ta samu numfashi sai ta ce, "Ɗana, yi haƙuri, na ɓata maka mota. In na warke zan wanke."

Na riƙe sitiyari ina kallon hanya.

Aka karɓe ta aka sa mata ruwa. Likitan ya tambayi wane ruwa take sha, matata ta ce, "Tambayi wannan." Na faɗa masa a tsaye a gaban ma'aikatan jinya biyu. Bai zage ni ba. Ya ɗago ya dube ni, ya ci gaba da rubutu.

Daga asibiti na wuce wurin mai gyaran famfo. Na same shi a rumfarsa yana cin gyaɗa.

Ya ce, "A'a, direba! Lagireto ya tafasa ne?"

Na gaya masa. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya kakkaɓe hannu ya ɗauki buhunsa, ya ce, "Zan zo saboda tsohuwar. Amma kai za ka haƙa."

Ni na fasa tayil ɗin da guduma, ni na sa diga. Ban kai zurfin gwiwa ba ƙasa ta koma baƙin taɓo, warin ya bugi fuskata har na ja baya na yi amai a gindin katanga. Dattijon ya ɗaure hancinsa da hankici yana tsaye daga nesa, yana cewa, "Ci gaba, saura kaɗan." Tsutsotsi masu jela suna iyo a ruwan da ya taru a ramin. Na cusa hannu har gwiwar hannu na lalubo bakin bututun. Sabulun ya narke tuntuni. Robar tana nan a ɗaure tam yadda na bar ta, amma tsagar ta wuce ta, ta buɗe har babban yatsana yana shiga.

Muka bi bututun baya har inda reshen ya rabu. Ya yanke a wuri mai kyau, ya kankare bakin da wuƙa har dalmar ta yi haske, ya kawo wani murfin tagulla mai roba a ciki, ya zura, ya ɗaure da sifana a hankali. Duk aikin bai kai lokacin shan shayi ba. Ya ce reshen Mama kuma ya ƙazantu, babu wankin da zai tsarkake shi, sai dai a cire a sa na roba. Na ce a sa. Ya ce a'a, sai mai famfo ta dawo ta ce a shiga gidanta.

Kwananta biyar a asibiti. Matata ce ta yi jinyarta har ɗanta ya iso daga Zungeru, inda yake aiki. Ran da aka sallamo ta, da yamma, na shiga na same ta zaune a tabarma a ƙofar ɗaki, ta rame, zanenta ya yi mata yawa. Ɗan nata ya fita sayen magani. Na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga maganar mai gyaran famfo har tsagar da na gani na rufe.

Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Kuskure ai kowa yana yi. Amma ranar da na kai ka ka ga famfon, ka gane?"

"Na gane, Mama."

"Kunun da nake kawowa, yaran sun sha?"

"Ba su sha ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya. Zubarwa nake yi."

Ta ce, "To, mun gode Allah da ba su sha ba." Ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Na so ta zage ni, ko ta kira ɗanta ya mare ni. Na ce mata zan sa sabon bututu na roba tun daga titi har famfonta, gobe-gobe.

Ta ce, "A'a. Ka ce wa mutumin ya yanke nawa ma. Ya toshe shi tun daga bakin titi."

"Mama, ai sabo ne za a sa, babu abin da zai..."

"Na ji. Amma ta gidanka zai bi, ko? Ni ba na ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa, hancina kuma ba ya ji. A dā, in wani abu ya faru na san za a faɗa mini. Yanzu ban sani ba."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, kuma na yarda da gaske take. Amma maganar bututu ba ta canja ba.

Washegari muka haƙa a bakin titi, inda bututun yake shigowa gidanmu. Dattijon ya kwance murfin daga inda ya sa shi, ya yanke sabon wuri, ya kankare, ya zura. Sai ya miƙo mini sifana ya ce, "Kai za ka ɗaure. A hankali, ba notin taya ba ne." Na ɗaure. Muka bar ramin a buɗe, muka ɗora masa katako.

Sai bayan kwana uku aka kawo ruwa. Dattijon ya zo da sassafe, muka ɗaga katakon, muka tsuguna mu biyu muna kallon murfin. Ya shafa shi da busasshen ƙyalle ya duba, ya jira, ya sake shafawa. Babu ko danshi. Ya ce, "Yanzu ka rufe."

Ina cikin tura ƙasa sai ga ɗan ga-ruwa ya tsayar da kurarsa a ƙofar Mama, ya sauke jarka biyu. Ta fito da sanda tana nuna masa inda zai kai. Na jefar da shebur na nufe su, na kai hannu zan ɗauki jarka ɗaya.

Ta ce, "Bar shi, ɗana. Ya iya aikinsa."

Na tsaya a wurin da hannuna duk laka, har ya shigar da jarka biyun ta mai da ƙofa.